Shi Qian, Ɓarawon Liangshan: Tambayoyi da Amsoshi kan Jarumi na 107

Wanda ya karanta labarin 'yan tawayen fadamar Liangshan, ko ya kalli fina-finan da Sinawa suka yi a kansa, sunayen manya ne ke fara zuwa bakinsa: Song Jiang shugaba, Wu Song da ya kashe damisa da hannu, Li Kui mai gatari biyu. Amma idan hira ta yi nisa, sai ka ji an gangaro kan wani siririn mutum da ke can ƙarshen layi, wanda aka fi saninsa da satar zakara. Ga tambayoyin da aka fi maimaitawa a kansa.

Wane ne Shi Qian, kuma a wane littafi labarinsa yake?

Shi Qian, wanda ake furta sunansa kusa da "Shi Ciyan", ɗaya ne daga cikin jarumai 108 na littafin Shuihu Zhuan, wato Labarin Bakin Ruwa, wanda masu Turanci suka sani da Water Margin ko Outlaws of the Marsh. Ƙagaggen labari ne da Sinawa ke lissafawa cikin manyan littattafan hikayarsu guda huɗu. Ana jingina rubuta shi ga Shi Nai'an, mutumin ƙarni na 14, wasu kuma suna haɗawa da Luo Guanzhong. Labarin yana gudana ne a zamanin Sarki Huizong na daular Song, wanda ya yi mulki daga 1100 zuwa 1126, lokacin da cin hanci da zaluncin fadawa suka raba mutane da gidajensu, suka tare a wani tsauni da fadama ta kewaye a lardin Shandong na yanzu.

Cikin waɗanda suka tare a can akwai hafsoshin soja, ma'aikatan kotu, masunta, mahauta, maƙeri, har da likitan dawakai. Shi Qian kuwa sana'arsa sata. Ɗan garin Gaotang ne, yawo ya kai shi Jizhou, inda yake haura katanga yana bin rufin gidaje cikin dare. Littafin ya siffanta shi da mai laushin ƙashi da ƙarfin jiki, gira mai kauri, ido mai haske, yana tafiya kamar ba ya taka ƙasa. Da aka jera jarumai bisa daraja, shi ne na 107. Mutum ɗaya tak ke bayansa.

Me laƙabinsa yake nufi?

Kowane jarumi a littafin yana da laƙabi, kamar yadda 'yan dambe da 'yan tauri ke da nasu. Nasa shi ne Gu Shang Zao, wato Ƙuma a Kan Ganga, ƙuma ɗin nan ƙwaron da ke tsalle a jikin kare da ɓera. Fatar ganga a ɗaure take tamau, ko tsinke ya faɗo a kanta sai ta amsa, amma ƙuma ya dira a kai ya tashi ba a ji komai ba. An kuma ce kowane ɗaya daga cikin su 108 wani tauraro ne da ya sauko duniya a jikin mutum, to tauraron da aka ba shi sunansa Tauraron Ɓarawo. Ko a sama ma ba a sakaya masa ba.

Mutum ne da ya taɓa rayuwa, ko ƙirƙirarsa aka yi?

Ƙirƙirarsa aka yi. Song Jiang dai mutum ne na gaskiya: tarihin daular Song ya ambace shi a matsayin shugaban 'yan fashi mai jarumai 36 da suka gagari dakarun gwamnati, har ya miƙa wuya ga wani hakimi mai suna Zhang Shuye a 1121. Daga wannan ɗan guntun tarihi ne masu ba da labari a kasuwanni da masu wasan kwaikwayo suka yi ta ƙari shekara da shekaru, har 36 suka zama 108, manya 36 da ƙanana 72. Sunan Shi Qian ba ya cikin tsofaffin jerin mutum 36 ɗin, cikin ƙananan da aka ƙaro daga baya yake. Wannan bai hana wasu mutane ɗaukarsa tamkar ya rayu ba, kamar yadda za a gani a amsar tambayar da ta shafi yadda Sinawa ke tuna shi.

Yaya aka yi ya shiga cikin 'yan Liangshan?

A babi na 46 ya fara bayyana, kuma a mummunan wuri. Yang Xiong, ma'aikacin kurkukun Jizhou kuma haunin garin, ya kai matarsa Pan Qiaoyun saman tsaunin Cuiping bisa shawarar amininsa Shi Xiu, ya kashe ta tare da kuyangarta saboda zargin cin amanar aure. Suna shirin gudu zuwa Liangshan sai wani ya fito daga bayan bishiya ya ce ya ga komai, ya kuma ji inda za su. Shi Qian ne. Abin da ya kai shi tsaunin, tonon tsofaffin kaburbura yana neman abin da aka binne da matattu.

Bai tona musu asiri ba, domin Yang Xiong ya taɓa fitar da shi daga hannun hukuma a lokacin da aka kama shi. Roƙonsu ya yi su tafi da shi. Ya ce ya gaji da wannan ƙaramar sata da ba ta da ranar ƙarewa. Wannan magana tana da muhimmanci ga mai son fahimtarsa: yawancin jaruman littafin tilas ce ta kai su fadama, wasu ma da dabara aka jawo su, shi kuwa da ƙafarsa ya nema, yana son a ƙidaya shi cikin mazaje.

Da gaske ne zakara ɗaya ya jawo yaƙi?

Da gaske ne, a cikin labarin. Su ukun sun sauka a wani masauki na gidan Zhu, masu ƙarfin faɗa-a-ji a tudun Dulong, kusa da Liangshan. Yaron masaukin ya ce nama ya ƙare, sai giya. Shi Qian ne ya dafa shinkafa, shi ya kawo wa yayyen nasa ruwan zafi suka wanke ƙafa. Can suna zaune sai ya yi murmushi ya tambaye su ko suna son nama, ya je ya ɗauko ƙaton zakara dafaffe. Ya zaga bayan gida ne ya gan shi a keji, ya kai shi bakin rafi ya yanka, ya fige, ya dafa, ba wanda ya ji motsi.

Da yaron ya farka ya ga ƙasusuwa a tebur da romo a tukunya, sai rigima ta tashi. Shi Qian ya ce a hanya ya sayi nasa, na masaukin kuwa wataƙila muzuru ne ko shaho ya ɗauke. Shi Xiu ya ce a faɗi kuɗi su biya, yaron ya ƙi, ya ce wannan zakaran ne ke yi musu carar asuba, zakaransa yake so. Da ya yi barazanar kai su gidan Zhu a matsayin ɓarayin Liangshan, sai hannu ya shiga. Suka daki ma'aikatan, Shi Xiu ya cinna wa masaukin wuta, suka shiga daji. Cikin duhu aka miƙo ƙugiyoyi daga cikin ciyawa aka fizge Shi Qian.

Daga nan abu ya yi ta girma. Li Ying, maƙwabcin gidan Zhu kuma abokin ƙawancensu, ya aika takarda har sau biyu a saki fursunan. Zhu Biao, autan gidan, ya yaga takardar, daga baya ma ya harbi Li Ying da kibiya. Liangshan ta fito da runduna, ta kai hari sau uku, ba ta ci gidan ba sai da Sun Li, wani hafsan soja da ya koma ɓangaren Liangshan, ya shiga ciki da sunan abota ya buɗe ƙofa. Wannan yaƙi ya cinye daga babi na 47 zuwa na 50, kuma duk tsawonsa wanda ya jawo shi yana ɗaure.

Me ya sa Chao Gai ya so ya fille kan abokan tafiyarsa?

Da Yang Xiong da Shi Xiu suka isa Liangshan neman taimako, Chao Gai, shugaban wurin a lokacin, ya saurare su har suka zo kan zakara. Nan ya tashi a fusace ya ce a sare kawunansu, domin sun zubar da mutuncin Liangshan, sun sa za a riƙa cewa jarumanta ɓarayin kaji ne. Song Jiang ne ya tare. Ya ce gidan Zhu sun daɗe suna raina su, kuma tsaunin yana ƙarancin abinci, idan aka ci gidan za a sami hatsin shekara uku zuwa biyar.

A dubi wannan da kyau, domin a nan zuciyar maganar Shi Qian take. Chao Gai da kansa ya zo fadama ne bayan ya jagoranci kwashe dukiyar da aka aika wa babban waziri Cai Jing, bayan sun sa wa masu rakiyar kayan banju a giya. Wannan a wurinsu jarumta ce. Kwashe rumbunan gida guda ma jarumta ce. Zakara ɗaya da aka ɗauka a ɓoye shi ne abin kunya. Wannan ma'auni ya bi Shi Qian har kabari, kuma shi ne amsar tambayar da ke gaba kan matsayinsa na 107.

Yaya ya sace sulken Xu Ning?

Wannan shi ne babi na 56, kuma ni a ganina ba shi da na biyu a duk inda Shi Qian ya fito. Gwamnati ta turo Huyan Zhuo da barade masu lifidi, dawakai a ɗaure da juna da sarƙa, suna tafe kamar bango. Liangshan ta sha kashi. Tang Long maƙeri ya ce maganinsu mashi mai ƙugiya da ke kamo ƙafar doki, shi ya iya ƙera shi, amma mutum ɗaya ne ya iya koyar da faɗa da shi: ɗan'uwansa Xu Ning, malamin masu mashi na dogaran sarki a babban birni, wato Kaifeng ta yau. Mutumin da ke da aiki da iyali da rufin asiri ba zai bi 'yan tawaye ba. Sai dai yana da abu ɗaya da yake so kamar ransa, sulken zinare na gado tun kaka da kakanni, wanda wani babban bafade ya taya igiya 30,000 ta kuɗin tagulla ya ƙi sayarwa. Kuɗinsu na lokacin masu huji ne kamar kwabonmu na da, ana zura su a igiya. Sulken yana cikin akwatin jar fata, a rataye a jikin azarar ɗakin kwanansa.

Shi Qian ya isa birnin, ya yi tambaya a unguwa kamar baƙo, ya gane gidan. Dare ne na hunturu, ba wata. Ya hau bishiya ya zauna har gari ya yi tsit, sannan ya sauka ya haura, ya maƙale yana leƙe. Ya ga Xu Ning da matarsa suna jin ɗumi a bakin wuta, da ɗansu ɗan shekara shida ko bakwai. Ya ji maigidan yana cewa gobe zai yi sammako saboda sarki zai fita. Ɓarawon gaggawa da a daren zai ɗauka, shi kuwa ya lissafa cewa idan aka farga kafin a buɗe ƙofofin birni ba zai fita ba, don haka ya kwana cikin sanyi yana jira. Da asuba kuyangi suka tashi ɗora ruwa, ɗaya ta buɗe ƙofar baya, ya sulale ya shige ƙarƙashin teburin madafa. Xu Ning ya ci abinci ya fita, kuyangi suka koma barci.

Sai ya zaro bututun kara ya hure fitila daga nesa, ya hau azara ya fara kwance akwatin. Uwargida ta farka ta tambayi kuyanga motsin mene ne a sama. Shi Qian ya yi kukan ɓera. Kuyangar ta ce ɓeraye ne ke faɗa. Da ya ji haka sai ya ci gaba da kwaikwayon faɗan ɓeraye, cikin wannan hayaniya ya sauko da akwatin a baya, ya buɗe ƙofa, ya bi ayarin masu sammako ya fita daga birni. Ba wanda aka taɓa, ba wanda aka zubar wa jini, a littafin da kusan kowane babi sai an kashe mutum.

To, bayan satar fa? Ba zalunci aka yi wa Xu Ning ba?

Zalunci ne, ba sai an yi kwana-kwana ba. A wajen gari Shi Qian ya miƙa sulken ga Dai Zong mai saurin tafiya, shi kuma ya ci gaba da ɗaukar akwatin wofi a fili, yana sauka a masaukan da aka yi wa da'ira da alli don kowa ya gan shi. Tang Long ya je gidan Xu Ning kamar mai ziyara, ya ce ai ya ga wani da irin wannan akwati a hanya. Suka bi sawu, kowane masauki a ce musu yanzu ya wuce. Da suka cim masa, Shi Qian ya yi ɗingishin ƙarya, ya ba da sunan ƙarya, ya ce wani attajiri ne ya aiko shi kuma sulken ya yi gaba. Haka aka yi ta jan Xu Ning har aka sa masa banju a cikin amalanke, ya farka a Liangshan. Don a toshe masa hanyar komawa, Tang Long ya sa sulken ya tare fatake da sunan Xu Ning, aka kuma kwaso iyalinsa.

Wannan iyalin da Shi Qian ya leƙa suna jin ɗumi, daga ranar ba su sake zama a gidansu ba, kuma Xu Ning ya mutu da kibiya mai dafi a yaƙin Hangzhou. Hannun Shi Qian na cikin wannan. Amma shirin na Tang Long ne da Wu Yong, mai tsara wa Liangshan dabarun yaƙi, da Song Jiang, su ne suka aika, kuma babu wanda darajarsa ta ragu saboda shi. Xu Ning ya koyar da mashin, aka karya baraden Huyan Zhuo, shi ma Huyan Zhuo daga baya ya shigo ya zama na 8, Xu Ning na 18.

Ban da sata, ya taɓa yin wani abin a-zo-a-gani a yaƙi?

Idan ana nufin fitowa fili a kan doki a kira abokin gaba, wannan ba fagensa ba ne. Aikinsa shiga inda runduna ba ta iya shiga. A babi na 66, lokacin da Lu Junyi, wanda daga baya ya zama mataimakin Song Jiang, da Shi Xiu ke ɗaure a birnin Daming, Wu Yong ya shirya a shiga garin a daren bikin fitilu, ranar 15 ga watan farko na shekararsu, yana neman wanda zai kunna wutar da za ta zama alama. Shi Qian ne ya miƙe ya ce shi zai ƙona benen Cuiyun, babban gidan shaye-shaye mai ɗakuna sama da ɗari a tsakiyar gari. Ya shiga da kwando, farar wuta da kayan albarushi a ƙasa, kayan adon gashi na mata a sama kamar ɗan talla. Kafin ranar ya ci karo da wasu 'yan Liangshan biyu, Kong Ming da Kong Liang, sun yi shigar mabarata, ya ja hankalinsu cewa fuskar da ta sha hutu haka, jawur da ita, ba ta yi kama da ta mai bara ba, 'yan doka za su gane. Wutar ta tashi a kan lokaci, garin ya rikice, aka fitar da fursunonin.

A garin Zengtou, inda aka harbi Chao Gai da kibiyar da ta kashe shi, an aika mutum biyu leƙen asiri. Dai Zong ya riga dawowa da labari sama-sama. Shi Qian ya daɗe, amma ya dawo da bayanin sansanoni biyar da wanda ke riƙe da kowanne, a fita ta biyu kuma ya gano inda aka haƙa ramukan tarko. Daga baya aka ba da shi jingina tare da Li Kui da wasu mutum uku a lokacin sulhun yaudara, aka ajiye su a ɗakin ibada na Fahua, shi ne ya hau hasumiya cikin dare ya buga ƙararrawar da ta kira harin. A yaƙin da suka yi da daular Liao ma, shi da Shi Xiu ne suka shiga Jizhou a ɓoye suka kunna wuta daga ciki. Aikinsa mafi girma yana cikin amsar tambayar ƙarshensa.

Idan haka ne, me ya sa aka ajiye shi na 107?

A babi na 71 an ce wani allon dutse ne ya faɗo daga sama ɗauke da sunaye da matsayin kowa. Masu karatu da yawa suna zargin Song Jiang da Wu Yong ne suka binne shi, ko da yake littafin bai faɗi haka ba. Ko ma wa ya rubuta, a dubi ukun ƙarshe. Na 106 Bai Sheng, ɗan caca da ya ambaci sunan Chao Gai da ya sha azaba a kurkuku. Na 107 Shi Qian. Na 108 Duan Jingzhu, ɓarawon dawakai. A duniyar waɗannan mutane, wanda ya tare hanya da takobi ya ƙwace a fili namiji ne, wanda ya shiga ta taga kuwa, ko ya ceci runduna, ɓarawo ne. Ga kuma tonon kabari, wanda a al'adar da ke girmama kakanni laifi ne mai muni ƙwarai.

Akwai kuma maganar asali da uwa a gindin murhu. Tsofaffin hafsoshin gwamnati da masu dukiya su suka cika sama. Song Qing, ƙanin Song Jiang, wanda aikinsa shirya walima, shi ne na 76. Kong Ming da Kong Liang, waɗanda Shi Qian ya gyara wa shiga a Daming, almajiran Song Jiang ne, suna 62 da 63. Abokan tafiyarsa Yang Xiong da Shi Xiu suna 32 da 33. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi. Muƙamin da aka ba shi shi ne ɗaya daga cikin mutum huɗu masu kai saƙon sirri, tare da Yue He da Bai Sheng da Duan Jingzhu.

Ni dai wannan jeri yana yi mini ciwo duk lokacin da na zo kansa. Ban ce sata abin yabo ba ce. Amma wurin da Li Kui, wanda ke sare mata da yara ba tambaya, yake zaune na 22, ba a isa a ce tsabtar hali aka duba ba. Ba ni kaɗai na lura da wannan ba: Jin Shengtan, shahararren mai sharhin littafin na ƙarni na 17, ya sa Shi Qian a ajin ƙasa na ƙasa, amma ya haɗa shi aji ɗaya da Song Jiang, domin a ganinsa shugaban ma ɓarawo ne, sai dai shi suna da amana yake sata.

Yaya ƙarshensa ya kasance?

Bayan sarki ya yi musu afuwa, an tura su yaƙi da Fang La, ɗan tawayen kudu, wanda shi ma mutum ne na tarihi da ya tayar da baya a 1120. A nan aka yi musu kisan kiyashi. A mashigin dutsen Yuling, maharbin Fang La mai suna Pang Wanchun da mutanensa suka kashe jarumai shida a tashi ɗaya, cikinsu har da Shi Jin da Shi Xiu, wanda suka baro Cuiping tare. Rundunar Lu Junyi ta tsaya cak. Aka aika Shi Qian shi kaɗai. Ya yi ta kutsawa cikin duwatsu har dare, ya hango 'yar fitila a wani ƙaramin ɗakin ibada, ya sami wani tsohon malamin addinin Buda wanda mutanen Fang La suka talauta. Tsohon ya gaya masa akwai wata siririyar hanya da ke ɓullawa bayan mashigin, amma an toshe ta da duwatsu. Shi Qian ya koma ya ba da labari, ya dawo da kayan wuta, ya haura toshiyar, ya cinna wa tarin abinci da ciyawar abokan gaba wuta, ya tayar da albarushi, ya hau rufi yana ihu cewa sojan Song 10,000 sun riga sun ƙetare. Masu gadi suka watse, aka ci mashigin.

Ya tsira daga duk wannan. Bayan an kama Fang La, runduna tana Hangzhou tana shirin komawa, sai ciwon murɗar ciki ya kama shi ya mutu, daidai lokacin da Yang Xiong ya mutu da ƙurji a baya. Littafin ya faɗi mutuwarsa a layi ɗaya, ya wuce. Cikin 108, mutum 27 ne suka isa gaban sarki. Shi an ba shi laƙabin girmamawa na bayan rai, irin wanda aka raba wa duk ƙananan jarumai da suka mutu.

Yaya Sinawa ke tuna shi?

Jama'a sun fi allon dutsen yi masa adalci. A wasan kwaikwayon gargajiya na waƙa da tsalle, satar zakara da satar sulke sun zama wasanni masu zaman kansu, kuma ɗan wasa mai ban dariya da ya ƙware a alkafura ne ke fitowa a matsayinsa, yana hawa tebur a kan tebur ba ƙara. Marubutan zamanin daular Qing sun kuma ambaci wani ɗakin bauta da aka gina da sunansa a Hangzhou, inda ɓarayi ke zuwa neman sa'a kafin su fita aiki. Mai karatu Bahaushe zai ga ɗan kamanninsa da Gizo, ƙaramin da ke cin manya da wayo, sai dai Gizo cikinsa yake yi wa aiki, Shi Qian kuwa tun bayan zakaran nan duk abin da ya ɗauka aikensa aka yi.

Ina son in karanta labarinsa da kaina. Daga ina zan fara?

A fara da sanin cewa littafin iri-iri ne. Akwai mai babi 100, akwai mai 120, akwai kuma mai 70 wanda Jin Shengtan ya datse a 1641, ya tsaya daidai inda aka jera jarumai. Wanda ya ɗauki mai 70 ba zai ga mashigin Yuling ko mutuwar Shi Qian ba, kuma lambobin babinsa suna ja baya da ɗaya, saboda an mai da babin farko gabatarwa. Fassarar Pearl Buck ta 1933 daga mai 70 aka yi ta, ta Sidney Shapiro kuwa ta kai babi 100. Masu son kallo, gidan talabijin na ƙasar Sin ya fitar da shiri mai kashi 43 a 1998, an kuma sake yin wani mai kashi 86 a 2011.

Wanda ba shi da lokacin karanta duka, ya karanta babi na 46 da na 47 don zakara da fushin Chao Gai, ya tsallaka zuwa 56 don sulke, sai 66 da 68, sannan 71 ya ga jerin da idonsa. Yuling tana babi na 98 a bugu mai 100, ko na 118 a mai 120, mutuwarsa kuma tana babin da ke biye, a tsakiyar lissafin waɗanda ciwo ya ɗauke a Hangzhou. A karanta wurin a hankali, domin ido yana iya tsallake layin.